Kanun Labari da Haddin Ƙazafi: Nazari kan Rahotannin "Auren Jinsi" Tun Daga Kamen Zariya na 2017



Ranar Asabar 15 ga watan Afrilu na 2017 'yan sanda suka kama mutum 53 a otal ɗin Zaria Motel, bisa zargin cewa sun taru ne domin bikin auren wasu maza biyu. Ranar Laraba aka gurfanar da su gaban kotun majistare a nan Zariya. Laifuffukan da aka karanta musu uku ne: haɗa baki, da yin taro ba bisa ƙa'ida ba, da zama 'yan haramtacciyar ƙungiya. Dukkansu suka musanta. Lauyansu ya shaida wa kotu cewa galibinsu ɗalibai ne, kuma an tsare su fiye da awa 24. Masu kare su a wajen kotu suka ce bikin zagayowar ranar haihuwa ake yi. Alƙali ya ba da belinsu, ya ɗage zama zuwa 8 ga watan Mayu.

Wannan shi ne abin da ya gudana a gaban alƙali. Amma labarin da ya shigo cikin ganuwa, ya zaga majalisun Ƙofar Kibo da teburan masu shayi har ya leƙa zaurukan karatu, jumla ɗaya ce tak: an kama 'yan luwaɗi 53 suna ɗaurin aure. Tsakanin takardar tuhuma da wannan jumla akwai tazara mai nisa, kuma kafafen yaɗa labarai ne suka tsallakar da jama'a wannan tazara, na gida da na waje, ba tare da sun nuna gadar da suka bi ba. Wannan tsallake shi ne abin da nake son mu auna da ma'aunin fiƙihu.

Tun da wuri ya kamata a kau da wata shubuha. Haramcin luwaɗi ba abin saɓani ba ne a mazhabobin nan huɗu, kuma aure a shari'a ba ya ƙulluwa sai tsakanin namiji da mace, da waliyyi da sadaki da shaidu da siga. Ba wannan ake tattaunawa a nan ba. Abin tambaya shi ne hukuncin wanda ya jingina wannan aiki ga wani Musulmi sananne, a gaban dubban mutane, alhali bai gani ba kuma ba shi da shaidu. Wannan babi ne da muke karantarwa kowace shekara a cikin Risala, muna wuce shi da sauri, kamar ba ya da alaƙa da wayar da ke aljihunmu.

Sai mu fara da kalmomin kansu. "Auren jinsi" fassara ce da aka ƙirƙira a ɗakunan labarai domin ɗaukar wata ma'ana ta Turanci, kuma ta zauna a bakin mutane. Idan edita ya kira taron matasa a otal da sunan aure, ya yi abu biyu a lokaci guda: ya ara wa taron sunan da shari'a ba ta ba shi ba, sannan ya yanke hukunci kan abin da kotu ba ta riga ta saurara ba. Kalmar "'yan luwaɗi" kuwa ta fi nauyi, domin ba siffanta taro take yi ba, tabbatar da aiki take yi a kan kowane mutum ɗaya daga cikin 53. A cikinsu akwai wanda aboki ya gayyata, akwai wanda ya zo cin abinci, akwai mai yiwuwa wanda kiɗa kawai ya jawo shi. Ko da za a ƙaddara cewa zargin 'yan sanda gaskiya ne daga farko har ƙarshe, iyakar abin da ya ƙunsa shi ne halartar taro. Halarta abu ne daban, aikata alfasha abu ne daban, kuma mai gabatar da ƙara da kansa bai tuhume su da na biyun ba.

Suratun Nur, aya ta 4, ta ɗora bulala 80 a kan wanda ya jefi kamammu da alfasha bai kawo shaidu 4 ba, ta ƙara masa da zubar da shaidarsa da kiransa fasiƙi. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a wannan babi fiye da wasu. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya bayyana a Risala cewa wanda ya kira wani da sunan mai luwaɗi haddi ya hau kansa, kuma cewa habaici ma yana jawo haddi idan aka fahimci jifa a cikinsa. Asalin wannan yana cikin Muwaɗɗa: a zamanin Sayyadina Umar wasu mutum biyu suka yi cacar baki, ɗaya ya tsarkake iyayensa daga zina ta hanyar da kowa ya gane cewa iyayen abokin faɗansa yake nufi. Umar ya yi shawara da sahabbai, sannan ya yi masa bulala 80. Mutumin bai furta jifa a fili ba. Abin da masu sauraro suka fahimta aka kama shi da shi.

A nan ne garkuwar da 'yan jarida ke fakewa da ita take tsagewa. Garkuwar ita ce "ana zargin". Za ka ga an liƙa ta a sakin layi na uku, bayan kanun labari da hoto sun gama aikinsu. A dokar aikin jarida wataƙila ta isar wa edita ya kuɓuta daga ƙarar ɓata suna. A mazhabar da ta yi haddi saboda habaici kuwa, abin dubawa shi ne abin da ya zauna a zuciyar mai karatu bayan ya ajiye jaridar ko ya kashe rediyo. Ba ina cewa haddi ya wajaba a kan kowane edita ba ne. Wannan aikin alƙali ne, yana da sharuɗɗa, daga ciki akwai kasancewar wanda aka jefa sananne ne ayyananne. Sai dai a lura: taro na mutum 53 da ba a ambaci sunan kowa ba abu ne mai duhu, amma da zarar kyamara ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowanensu ya zama ayyananne ga mahaifiyarsa da limamin unguwarsu da mai gidan hayarsu. Kuma ƙissar ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta nuna cewa ɗaukar magana ba mafaka ba ce. Hassanu ɗan Sabitu da Misɗahu ɗan Usasa da Hamnatu 'yar Jahshi ba su ne suka ƙirƙiri maganar ba, sun shiga cikinta ne suka yaɗa, aka kuwa tsayar musu da haddi. Wanda ya danna "tura" a WhatsApp ya duba ko a wane sahu yake tsaye.

Ɗalibi zai iya cewa: to ai ba a cika samun shaidu 4 a irin wannan lamari ba, ke nan sai a yi shiru? Wuyar samun shaidun ita ce manufar sharaɗin. Lokacin da mutum 4 suka zo ba da shaida a kan Mugira ɗan Shu'uba, gwamnan Basra, 3 suka furta abin da shari'a ke nema, na huɗun, wato Ziyadu, ya faɗi abin da ya gaza haka. Umar ya yi wa ukun bulala, cikinsu har da sahabi Abu Bakrata. Mutanen da suka ce da idonsu suka gani ke nan. Ina ga wakilin da bai je wurin ba, sanarwar kakakin 'yan sanda kawai aka turo masa?

Akwai kuma al'adar holin waɗanda ake zargi, wadda jami'an tsaro suka saba da ita kuma gidajen talabijin suke rububinta. A fiƙihu, tallata mai laifi a bainar jama'a nau'i ne na ta'aziri, wanda alƙali ke yankewa bayan laifi ya tabbata, kamar yadda aka ruwaito ana yi wa mai shaidar zur. Ke nan horo ne. Jera mutane a ƙasa gaban kyamara kafin su ga alƙali zartar da horo ne kafin shari'a, abin da ya saɓa wa asalin kuɓutar wuyaye a wurinmu, ya kuma saɓa wa sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya. Misali mafi bayyana ya faru a Legas. A watan Agustan 2018 aka kama maza 57 a wani otal a Egbeda, aka yi holinsu a gaban 'yan jarida, hotunansu suka bazu ko'ina. Daga baya aka gurfanar da 47 a Babbar Kotun Tarayya ƙarƙashin dokar hana auren jinsi. A watan Oktoban 2020 Mai shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa tafiyar da ita yadda ya kamata. A cikin shekaru biyun nan wasunsu sun rasa aiki, wasu danginsu sun kore su. Kotu ba ta same su da laifi ba, amma bidiyon yana nan a intanet har gobe.

A Arewa sakamakon yakan wuce rasa aiki. A watan Agustan 2007 aka kama maza 18 a wani otal a Bauchi, labari ya fita cewa auren maza ake ɗaurawa. Da aka zo kotu sai tuhumar ta sauko zuwa shigar mata da zaman banza, amma jama'ar da suka taru a waje labarin farko suka riƙe, suka yi ta jifa da duwatsu. A watan Janairun 2014, kwanaki kaɗan bayan sanya hannu a kan dokar tarayya, aka sake yin irin haka a wata kotun shari'ar Musulunci a Bauchin, har sai da jami'an tsaro suka harba bindiga sama kafin a fitar da waɗanda ake tuhuma. Abin lura ga ɗalibin shari'a shi ne wanda aka jefa a hakika. Taron da ya yi ruwan duwatsu a kan kotun Musulunci domin alƙali yana neman hujja, hukuncin Allah yake jifa da sunan kishin hukuncin Allah. Kuma wannan taro ba daga sama ya faɗo ba. Wani ne ya gaya masa cewa laifi ya riga ya tabbata.

Dokar da ake magana a kanta tana da tarihinta. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin a watan Nuwamban 2011, makonni kaɗan bayan Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu wannan ɗabi'a, barazanar da ba ta ƙara wa ƙudurin komai ba sai farin jini. Majalisar Wakilai ta bi sahu a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu ranar 7 ga Janairun 2014. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya shaida shi ko ya taimaka. Tun daga lokacin da halarta ta zama laifi, kowane biki na matasa a otal ya zama abin da za a iya sayarwa a matsayin labari: mutum 19 da Hukumar Hisba ta kama a Kano a Disambar 2022, mutum 76 da aka kama a Gombe a Oktoban 2023. Salon rahoton bai canza ba. Ranar kame ana buga ganga, zaman kotu na biyu da na uku kuwa da wuya su sami ko gefen shafi.

Ra'ayin jama'a a kan wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta NOI Polls ta sami kashi 92 cikin 100 na goyon bayan ƙudurin a 2013, kashi 87 a 2015, kashi 90 a 2017, wata ƙuri'ar daban kuma ta sami kashi 75 a 2019. Cibiyar Pew ta Amurka ta sami kashi 2 kacal na 'yan Nijeriya masu goyon bayan auren jinsi a 2023. Editoci kan kare kansu da cewa faɗakarwa suke yi. Al'ummar da ke kan wannan matsayi wace faɗakarwa take buƙata a kan abin da ta riga ta ƙi? Abin da alƙaluman ke nunawa a zahiri shi ne nauyin kalmar: a inda kusan kowa ke ƙyamar abu, jingina shi ga mutum daidai yake da zare masa tufafi a tsakiyar kasuwa, wani lokaci ma da miƙa shi ga masu duwatsu. Gwargwadon ƙyamar da jama'a ke yi, gwargwadon tsananin binciken da ya wajaba a kan mai ba da labari.

Kafafen ƙasashen Yamma ba su kuɓuta daga wannan suka ba, ko da yake ta wata ƙofar suka shigo. Su a wurinsu labarin Zariya hujja ce ta zaluncin al'ummar Musulmi, sai su ɗauki mutum 53 su saka su a sahun wata fafutuka da babu wanda ya tambaye su ko suna cikinta. Na gida yana buƙatar su zama 'yan luwaɗi domin ya la'ance su, na waje yana buƙatar su zama haka domin ya tausaya musu. Yaron da ya tsaya gaban alƙali ya ce shi bai aikata ba, babu ɓangaren da maganarsa ta yi wa amfani. Ga kuma yadda suke haɗa Arewa gaba ɗaya a hoton taron masu jifa, ba tare da ambaton cewa fiƙihun da suke zargi shi ne ya gindaya shaidu 4, ya kuma tanadi bulala ga mai jifa da baki.

Shekarar 2024 ta kawo darasi na kusa. Ranar 4 ga Yuli jaridar Daily Trust ta buga a shafin farko cewa yarjejeniyar Samoa, wadda Nijeriya ta sa wa hannu ranar 28 ga Yuni tsakaninta da Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, ta ƙunshi sharuɗɗan amincewa da masu neman jinsi a madadin dala biliyan 150. Washegari Juma'a ce. Labarin ya hau mumbarori da dama kafin masu huɗubar su ga ko shafi ɗaya na yarjejeniyar. Gwamnati ta musanta, shugaban ƙungiyar lauyoyi na lokacin, Yakubu Maikyau, ya ce babu wannan sharaɗi a ciki, kuma a watan Satumba hukumar sauraron ƙorafe-ƙorafe kan kafafen yaɗa labarai ta yanke cewa rahoton ba daidai ba ne. Jaridar ta ba da haƙuri a farkon Oktoba, kuma wannan abin yabo ne a gare ta. Mumbarorin da suka ɗauki labarin fa? Aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da tantance labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci, mun fi kowa haddace ta. Yin taka-tsantsan da yarjejeniyoyin ƙasashen waje abu ne mai kyau, amma yana farawa ne da karanta su.

Wani ruɗani da kafafen suka gada kuma suka ƙara wa ƙarfi shi ne haɗa ɗan daudu da mai luwaɗi a kalma ɗaya. Daudanci tsohon abu ne a ƙasar Hausa, ana ganinsa a wajen masu sayar da abinci a tasha da wuraren biki, kuma Rudolf Gaudio ya rubuta littafi a kan 'yan daudun Kano wanda ya fito a 2009. Finafinan Hausa sun daɗe suna mai da ɗan daudu abin dariya, marigayi Rabilu Musa Ibro ma ya fito a wannan rawa. Jama'a su yi dariya da dare, da safe kuma su ji a rediyo cewa irin waɗannan mutane ne ke jawo fushin Allah. Malamai sun fi haka tantancewa. Imamu Nawawi, a sharhinsa ga Sahihu Muslim, ya raba mukhannasi gida biyu: wanda aka halitta da laushin murya da motsi, wannan babu zargi a kansa, da wanda ke ƙirƙirar kamanceceniya da mata da gangan, wannan shi ne abin zargi. Ko na biyun ma laifinsa kamanceceniya ce, ba ta zama hujjar alfasha ba. Wanda ya ga rangwaɗa ya yanke hukuncin luwaɗi ya faɗa cikin zaton da aya ta 12 a Hujurat ta hana, ayar da ta hana bin diddigin asirin mutane a numfashi guda.

Za a ce rufin asiri ga mai ɓoyewa ne, ban da mai bayyanawa. Haka ne, kuma hukuma tana da haƙƙin hana ɓarnar da ta fito fili. Amma Mawardi, a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, ya iyakance aikin muhtasibi ga abin da ya bayyana, ya hana shi tsallaka katanga neman abin da aka rufe, in ban da ɓarnar da za ta kuɓuce ba a iya gyara ta ba, kamar kisan kai. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa Hazzalu cewa da ya lulluɓe Ma'izu da mayafinsa da ya fi masa alheri, alhali Ma'izu da bakinsa ya yi iƙirari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya buɗe Ihya'us Sunna da bayyana cewa manufarsa ba tona asirin mutane ba ce ko shagala da aibobinsu. Sannan aya ta 19 a Suratun Nur ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai, kuma a cikin zancen masu yaɗa ƙage ta sauka. Taron da aka yi a ɗaki rufe, mutum 53 suka san da shi. Bayan rahoto, yaran makarantar allo ma sun koyi kalmar. Sai a tambaya wane ne ya bayyana shi.

Zariya tana da haƙƙi na musamman a wannan magana. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a Tukur-Tukur kamfanin Gaskiya ya zauna. A nan kuma Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello ta yi aikin daidaita kundin hukunta laifuffuka na jihohin da suka ƙaddamar da shari'a bayan Zamfara, kundin da ƙazafi ke da babinsa a ciki. Garin da ya haɗa waɗannan biyu bai kamata a ce ɗaliban aikin jarida suna gama karatu ba su taɓa jin babin ƙazafi ba, ko ɗaliban shari'a suna fita ba su iya rarrabe tuhuma da hukunci a cikin rahoto ba.

Risala ta ce wanda ya jefi jama'a, haddi ɗaya ne a kansa ga duk wanda ya tashi neman haƙƙinsa daga cikinsu. Ke nan a ƙa'ida kowane ɗaya daga cikin mutum 53 ɗin nan da aka kira da wannan suna yana da ƙofar kai ƙara. Amma kafin ya shiga wannan ƙofa sai ya tsaya a gaban alƙali da magatakarda da 'yan kallo ya ce shi yana cikin waɗanda aka kama a otal ɗin, 'yan jarida kuma su sake rubuta sunansa. A cikin birni kuwa, inda ba a ba da aure sai an aika bincike unguwar su yaro, wannan suna ba a kansa kaɗai zai tsaya ba. Ƙannensa mata ma za a tambaya a kansu.